Shamuwa a Masaƙar Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Shekarar da aka yi fari, Shamuwa ta bar 'ya'yanta wurin kakarsu, ta tafi ci-rani. Ta sauka a wani tsibiri inda Kada, baƙo daga wani kogi mai nisa, ya kafa masaƙa.

Kada ya ce, "Maraba! Kawo gashin fukafukanki in adana miki, kar zare ya sarƙe shi."

Ta yarda, ya fige. Daga ranar ba fita, ba hutu, sai saƙa, abinci kuwa ɗan tsaki. In ta nemi gashinta, sai ya nuna mata haƙora.

Ran nan wata tsohuwar Balbela, wadda ta daɗe a masaƙar, ta tarar da ita tana kuka.

"'Yata, lafiya?"

"Inna, 'ya'yana nake tunawa. Ban sani ba ko sun ci, ko ba su ci ba."

Balbela ta zaga wurin sauran tsuntsayen da ke aikin, kowa ya tsige ɗan gashin da ya fara tsiro masa. Ta haɗa, ta ɗinka wa Shamuwa.

"Inna, ku fa?"

"Ke dai tashi. Ki gaya wa na gida abin da kika gani."

Da damina ta faɗi, sai ga Shamuwa da danginta, sun rufe sama. Kada ya tsorata, ya nutse. Kowa ya goya ma'aikaci ɗaya, Shamuwa kuwa ta goya Balbela.

Da suka yi sama, tsohuwa ta ƙanƙame ta, ta ce, "A hankali, 'yata. Na manta yadda iska take."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, a nan ta tsaya.