Rahoton da Ya Ce a Saya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, sana'arsa tantance hannun jari. Shi ke bin rahoton kamfani shafi-shafi, ya ce wa mutane a saya ko a bari. Allah ya ba shi ido, har abokan aikinsa suna kiransa Sikeli.

Wata rana aka ajiye masa takardun wani kamfani mai dillancin hannun jari ta waya, wanda kuma yake da bankinsa. Shi kansa ya riga ya zuba duk abin da ya tara a jarin kamfanin. Yana karantawa, can ƙarshe inda rubutu ke ƙanƙancewa, ya ga abin da ya sa ya cire tabarau. Bankin yana ɗibar ajiyar mutane yana bayarwa rance, masu karɓa kuma suna sayen jarin kamfanin da ita. Farashi na hawa, amma kamfanin ne ke tafa wa kansa.

In ya faɗi gaskiya, farashi zai faɗi, nasa ya bi. Sai ya rubuta a saya, don ya sami waɗanda zai sauke wa kayansa.

A makon nan yayarsa ta zo ofis. Nas ce, shekara talatin tana tsaye a kan marasa lafiya, ita ta biya masa makaranta. An ba ta kuɗin sallama.

Ta ce, "Kai ka san kan abin nan. Ina zan sa?"

Ya ce, "Yaya, raba biyu. Rabi ki sayi jarin kamfanin nan, rabi ki ajiye a bankinsu. In ɗaya ya girgiza, ɗaya na nan."

Alhali ya san rufi ɗaya ne a kan ɗakunan biyu. Da yatsansa ya danna mata a wayarta. Ta yi ta sa masa albarka. Kafin ta sauka daga bene ya sayar da nasa kaf.

Mai wayo ya tsira ke nan? Kuɗin ciniki sai sun yi kwana uku kafin a iya fitar da su, kuma a bankin nan suke jira. A rana ta biyu hukuma ta garƙame bankin. Sai ga Sikeli a bakin ƙofa cikin jama'a, yana rantsuwa an ci amanarsa.

Masu bincike suka fitar da sunayen waɗanda suka sayar, da rana da sa'a. Aka ƙwace lasisinsa, aka sallame shi daga aiki. Yayarsa ta zo gidansa da takardar sunayen a hannu, ta ƙi zama.

Ta ce, "Da asara ce kawai, da mun yi kuka tare. Ina kan bene ka sayar da naka, Malam. Ko titi ban kai ba."

Matar da ta goya shi, yau take ce masa Malam. Ta koma aikin kwangila a wani ƙaramin asibiti da gwiwarta mai ciwo. Ya kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka.

Ya 'yan uwa, wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Ba a kasuwar hatsi kaɗai ake tauye mudu ba, ana tauye shi da alƙalami, a ofis mai sanyi. In ka ga aibi ka ɓoye don ka sauke wa wani, ka tambayi kanka: wa ke saye? Wanda ya yarda da kai ne.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya ba mu gaskiya. Amin.