Ranar da Siminti Ya Zama Dutse

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai sayar da siminti. Shagonsa yana ƙarshen layi, a bakin wata babbar kwata. A bayan shagon akwai 'yan gudun hijira da yaƙi ya koro, suna zaune cikin bukkokin leda da tsohon kwano. Kullum da safe matansu sukan shiga kwatar nan da shebur, su kwashe yashi da shara, don idan ta toshe, su ruwa yake fara ci. Shekara shida yana kallonsu, bai taɓa tambayar kansa wa aikin nan yake amfana ba.

Sai zaɓe ya zo. Ɗan takara ɗaya ya ce zai gina wa bayin Allahn nan gidaje, amma harajin shaguna zai ɗan ƙaru. Ɗayan ya ce zai rage harajin, ya tashi sansanin, ya rufe ofishin agajin da ke ciyar da su.

Wata tsohuwa daga cikinsu, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta same shi a bakin shago. Ta ce, "Ɗana, mu ba mu da ƙuri'a a nan. Taka ita ce tamu. Ka tuna da mu."

Ya ce, "Gwaggo, ni ma iyali gare ni. Aljihuna zan zaɓa."

Aljihunsa! Kun ji rashin imani? Ba yunwa yake ji ba, ba tsirara 'ya'yansa suke yawo ba. Ƙari kawai yake so a kan ƙari. Kuma bai tsaya a kan ƙuri'arsa ba, shago-shago ya bi yana zuga maƙwabta har suka bi shi.

Mutuminsa ya ci. Katafila ta zo da hantsi ta rushe bukkokin. Gwaggo ta wuce ta gabansa da tabarma a ka, shi kuwa yana zaune a kan benci yana sakace. Ya haɗa abin da aka rage masa na haraji da duk jarinsa, ya cika shagon da siminti har rufi.

To, wa zai kwashe kwata? Babu. Damina ta faɗi. Wata rana da la'asar aka tsuge da ruwa, kwata ta toshe, ruwa ya juyo ya shiga shagon har ƙugu. Da ya janye, buhunan nan sun daskare sun zama dutse, sai da diga aka fasa su aka zubar. Dukiyar shekara ashirin ta tafi a yini ɗaya.

Da ya rasa abin kai wa gida, ya ajiye girman kai ya nufi ofishin agaji. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya dube shi ya ce, "Malam, ai tun bayan zaɓe aka rufe. Ba abin da kuka zaɓa ke nan ba?"

Ya 'yan uwa, ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye ka a kanta. Kana shiga rumfar zaɓe kai kaɗai, amma yatsan nan naka yana ɗauke da marayu da marasa gata da ba su da bakin magana. Ka sayar da su don 'yan kuɗin da ba za su bi ka kabari ba? Wanda ka raina a bayan shagonka, wataƙila shi yake tare maka ruwa ba ka sani ba.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ta fi simintin nan tauri. Amin.