Kawu Tabbas da Ƙafar Baba

Akwai wani dattijo, tsohon kafinta, da ciwon suga ya taɓa masa babban yatsan ƙafa. Da ɗan gyambo ya fara, har yatsan ya yi baƙi. Likita ya tara 'ya'yan dattijon, Yaya direba da Malama da Auta, ya faɗa musu gaskiya: a cire yatsan yanzu, in ba haka ba ciwon zai hau sama.

Baba ya ce shi kansa ya ɗaure, abin da 'ya'yansa suka yanke shi ke nan.

Suka dawo gida suka zauna a falo, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa.

"Yaya, kai ne babba," in ji Malama.

"Babba a shekaru dai. Ke ce mai karatu. In na ce a yanke, wani abu ya faru, har abada ni za ku riƙa nunawa da baki."

Auta kuwa sai wasa take da bakin mayafinta.

Ana cikin haka ƙanin mahaifiyarsu marigayiya ya yi sallama. Kawu Tabbas suke ce masa, don ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba. Ya saurare su, ya gyara zama.

"Wannan ne ya sa kuka yi zugum? Ku bar min komai. Likitocin nan na san su kamar yunwar cikina."

Tare suka yi ajiyar zuciya. Ba wanda ya tambaye shi wane likita ya sani. Yaya ya miƙa masa katin asibiti, Malama ta kwaso magunguna, har wayar Baba aka damƙa masa don kada masu gaisuwa su dame shi.

Washegari Kawu ya jawo kujera ya kafa a ƙofar ɗakin Baba. Mai son shiga sai da izininsa. Shi yake wanke gyambon, ƙofa a rufe. In an tambaya ya ce, "Likita ya ce a ɗan jira. Tabbas yana bushewa."

Malama ce ta fara jin abin bai kwanta mata ba. Turaren da Kawu ke kunnawa a ɗakin kullum ƙaruwa yake, kuma ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari. In ta shiga gaida Baba, ƙafar a lulluɓe take, Kawu na tsaye a kanta.

"Kawu, yaushe za a koma da shi asibiti?"

Ya kalle ta sama da ƙasa. "Zargina kike?"

"A'a, tambaya dai na yi."

Da yamma ya ja Yaya gefe. "Ƙanwarka ta matsu a yanke wa mahaifinku ƙafa. Ka tambayi kanka dalili." Ita kuma ya ce mata, "Yayanki ya ce shisshiginki ya yi yawa."

Gidan ya koma wani iri. Yaya da Malama sai gaisuwa sama-sama. In biyu na magana, na uku ya shigo, sai a yi tsit. Kowa da ƙorafinsa, kuma kowa wajen Kawu yake kaiwa, don shi kaɗai ne har yanzu yake magana ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Rannan Malama ta nemi izini a makaranta ta wuce asibiti ita kaɗai. Likita na ganin ta ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ina kuka shige? Tun ranar nan ban ga kowa daga gidanku ba."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Kawu ya miƙe zai tare ƙofa, ta ratsa ta gefensa, ta yaye bargon, ta warware bandejin. Baƙin ya wuce idon sawu. Ihun Auta ne ya shigo da Yaya a guje.

Yaya ya juya, idonsa jajir. "Kawu, wane likita ne ya ce a jira?"

Kawu ya koma kan kujerarsa ya zauna.

"Na je har bakin asibitin, na kasa shiga. Ni ma tsoro nake ji. Amma bayan yadda kuka ɗauke ni, da wane baki zan ce ban sani ba?" Ya ɗago kai. "Kuma ku tuna, ban ƙwata ba. Da hannunku kuka ba ni, kuna godiya."

Yaya ya sunkuci Baba ya sa a mota.

A ranar aka yi aikin. Maimakon yatsa ɗaya, ƙafar aka cire daga ƙasan gwiwa.

Da Baba ya farfaɗo ya tarar da su a gefen gado suna kuka, Yaya na rantsuwa Kawu ba zai sake taka gidan ba. Baba ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Kada ku ɗora masa shi kaɗai. Ƙafata ce. Ina jin zafin yana hawa kullum, na yi shiru, don kada a ce ni na zaɓa."

Darasi: Ba kullum ne muke ba mutum iko don ya fi mu sani ba. Sau da yawa tsoron ɗaukar laifi ne ke sa mu miƙa wuya ga wanda ya fi ƙarfin murya. In ka ba wani jagoranci, kada ka haɗa masa da idonka da bakinka: ka duba, ka tambaya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai gidan da yau kowa ya yi shiru yana jiran wani ya yanke.