Sarkin Tagulla da Ludayin Marigayiya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Gulbin Baure, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda ya shekara talatin yana shari'a ba a taɓa kama shi da mantuwa ba. Wata rana ya faɗo daga kan doki, kansa ya bugi dutse, da ya farfaɗo bai san gari ba, bai san kansa ba, bai ma san 'yarsa tilo ba, Gimbiya Tasalla, wadda saura wata guda a ɗaura mata aure da Yarima Barau, zaɓin ranta.

Tasalla ta haye tsaunuka bakwai har ta isa kogon wani aljani maƙeri, Zarmaƙu, ta roƙe shi magani. Ya ce ba ya ɗinke abin da ya fashe, amma yana iya kwafe shi. Ya zo fada, ya dafa goshin sarki, ya kwashe duk abin da ke binne a ƙwaƙwalwarsa ya zuba cikin mutum-mutumin tagulla mai kama da shi sak.

Tagullar nan ta buɗe baki da muryar Jatau, ta jero sunayen kakanni, ta warware rigimar gona ta shekara goma. Fadawa, waɗanda dama duk mai magana daga kan karaga shi ne sarkinsu, suka zube suna gaisuwa. Waziri ya yanke cewa mutum tunaninsa ne, don haka tagulla ce sarki, ita ce kuma waliyyin amarya, tsohon kuwa a kai shi ƙauye ya ƙarasa kwanakinsa. Hankalin Tasalla ya tashi ƙwarai, domin ita kanta ta fara shakkar wanne ne ubanta.

Ta nemi alfarmar gwaji ɗaya. Ta dama fura a ƙwarya da kimba mai yawa, yadda mahaifiyarta marigayiya take damawa, ta sa tsohon ludayin marigayiyar mai ɗinki a baki, ta ajiye tsakanin su biyun.

Tagulla ta faɗi mai ludayin, da ranar da ya tsage, da shekarar da ta rasu, ba kuskure ko ɗaya, cikin muryar da take yanke shari'ar gona. Tsohon ya kurɓa sau ɗaya, hawaye suka jiƙa gemunsa.

Ya ce, "Ban san ko na wane ne ba. Amma wani abu yana yi mini ciwo a ƙirji, kuma ba na so a ɗauke ƙwaryar nan."

Zarmaƙu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, na kwafe duk abin da ya sani, har sanin cewa ya yi baƙin ciki. Mai jin baƙin cikin ne na lalube ko'ina ban samu inda zan kama shi ba."

Aka mai da tagulla gefen karaga tana tuna wa sarki abin da ya manta, shi kuma yana yanke hukunci. Ranar ɗaurin aure, liman ya tambayi sarki ko ya bayar da Tasalla. Sarki ya ce, "Sunanta sai an faɗa mini kowace safiya. Amma tun jiya da aka ce za ta tafi na kasa cin abinci. Na ba shi ita."