Ranar da Lantana Ta Kira Sunan Ɗanta

Ku gyara zama ku ji wannan, don ku ne za ku yanke hukunci.

A garin Rafin Ɗinya akwai wani gida da ake kira Gidan Gajeru. Nan Lantana ta haifi ɗanta na fari, Ilu. Yaro ya shekara, amma rigar da aka ɗinka masa yana wata shida har yanzu cif take masa. Abin yana cin ran Lantana, sai dai ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa a gaban surukarta Iya Tasalla, wadda ke ba shi tsuran koko safe da yamma tana cewa, "Gado ne, mu nan ba a tsawo."

To, garin yana da 'yan sa-kai uku da aka koya wa sha'anin abincin yara.

Sahura ce mai allon awon tsawon yara. Ranar awo kunya ta hana Lantana fitowa. Sahura ta lura babu Ilu, ta ɗora allo a ka ta bi shi har tsakar gida. Ta auna shi, ta duba katinsa na asibiti, ta ce tsumburewa ce ta fara, kuma in ya cika shekara biyu a haka gyara zai yi wuya.

Mardiyya ce gwanar murhu. Ba ta ce a sayo komai ba. Ta leƙa rumbu ta tarar da gero da gyaɗa da waken suya, ga zogale a bayan ɗaki, ga zabi suna ta zuba ƙwai. Ta koya wa Lantana suya da niƙa da dama kunu mai kauri, da dafaffen ƙwai ɗaya kullum, nono kuma kada a daina.

Sai Iya ta tare ƙofa. "Ƙwai? So kuke angona ya tashi ɓarawo?"

Ta ukun, Inna Kulu ungozoma, taubashiyar Iya ce. Ta shigo tana dariya.

"Tasalla, ɗanki Garba da ya tashi a hannun kawunsa masunci, ba sai ya sunkuya yake shiga zauren nan ba? Kifi da ƙwai ya ci. Akuyar wa ya sata? Ke dai gajeren miji kike so, ki ji daɗin ranƙwashinsa!"

Iya ta kauce daga ƙofa ta ce, "Allah ya shirye ki, Kulu. Miƙo cokalin."

Da shekara ta zagayo, Ilu da ƙafarsa ya zo wajen awo, a guje. Sahura ta auna, ta sake aunawa, ta ce ya kamo tsararsa. Guɗa ta tashi, Iya tana juyi tana cewa angonta ya fi na kowa. Lantana kuwa ta manta da kunya, ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce, "Ilu! Zo nan!"

Da Sahura ba ta bi shi gida ba, ba wanda zai sani. Da babu Mardiyya, an sani amma ba abin da za a ba shi. Da babu Inna Kulu, kunun a tukunya zai huce.

To, Lantana ta ware zabuwa ɗaya ta godiya. A hannun wa za ta sa ta?