Gishiri a Tukwanen Wake

Akwai wata ɗalibar jami'a da 'yan gidansu suka laƙaba wa suna Riƙau, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Ƙwaƙwalwa dai Allah ya ba ta, ba a taɓa kayar da ita a jarrabawa ba. Amma idan ka taka ta, ko da ba da gangan ba, to ka shiga uku. Ba za ta yi faɗa ba, ba za ta zage ka ba. Shiru za ta yi, ta adana abin a ranta, sai ranar da ka manta ta fito maka da shi da zafinsa.

Tana karatun kimiyyar tsirrai, saura mata shekara ɗaya ta gama. A dogon hutun wannan shekarar aka ɗauke ta cikin 'yan ɗaliban da za su zauna a makaranta su koyi bincike a hannun wani Farfesa. Abin da ya sa kowa ke rububin shirin shi ne, a ƙarshensa Farfesa zai zaɓi mutum ɗaya tak ya ba shi gurbin digiri na biyu tare da tallafin karatu. Mahaifin Riƙau ya rasu, ƙannenta suna tasowa. Ta san idan gurbin nan ya wuce ta, karatunta ya tsaya ke nan.

A ɗakin shuka ake aikin, wani dogon ɗaki mai rufin gilashi, ga tebura a jere, ga zafi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowane ɗalibi an ba shi tebur da tukwane, ya shuka wake, ya gwada irin takin da ya haɗa, a ga wanda zai fi. Kowa ya shafa fenti a gindin tukwanensa don shaida, sannan ya ɗora su a kan faranti. Riƙau rawaya ta zaɓa. Teburin da ke bakin ƙofa kuwa na wani siririn saurayi ne da ake kira Tabarau, saboda gilashin idonsa da kullum yake zamewa kan hanci.

Duk mako ana zama da Farfesa, kowa ya faɗi inda ya kwana. Ranar da aka zo kanta, Riƙau ta miƙe ta zuba bayani tiryan-tiryan, har tana jin daɗin muryarta. Tana gamawa sai Tabarau ya ɗaga hannu.

"Don Allah 'yar'uwa, ƙasar da kika auna nauyinta, a bushe kika auna ko a jiƙe?"

Sai ta tuna. A jiƙe ta auna. Wani daga baya ya ce, "Ashe ruwa aka yi ta awo!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Farfesa ya buga tebur aka yi shiru.

"Tambaya ce mai kyau. Ki sake lissafin, ba wani abu ba ne. Gara a kama shi a nan da a kama shi a gaban baƙi."

Shi ke nan fa abin da ya faru. Kowa ya fita ya manta, ban da Riƙau. Ita a wurinta Tabarau ya shirya ne ya tsinka ta a gaban Farfesa don ya raba ta da gurbin. Ko da ya tare ta a hanya yana cewa, "Ki yi haƙuri, ban yi zaton za su yi dariya ba," kallonsa kawai ta yi sama da ƙasa ta wuce.

Zaman mako na gaba ta ƙi zuwa, ta ce kanta ke ciwo. Da rana abokiyar ɗakinta, wadda ita ma tana cikin shirin, ta dawo tana cire takalmi tana magana.

"Ke, kin yi asarar zaman yau. Farfesa zai yi tafiya, kuma ya kawo wani sabon tsari, ya ce daga gobe…"

"Malama, dakata. Kada ki kawo mini zancen wannan taron. Ku da kuka yi dariya ku riƙe tsarinku."

"Ni ban yi dariya ba fa. Kuma abin ya shafe ki."

"Na ce ba na so! Ko dole ne?"

Abokiyar ɗakin ta taɓe baki ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, ranki ya daɗe." Daga ranar Riƙau ta ɗauke wa kowa wuta. Ta shiga ɗakin shuka ta yi ban ruwa, ta auna tsawon tsirrai, ta ƙirga ganye, ta fita ba sallama.

Ta daɗe tana juya abin da za ta yi wa Tabarau. Fasa tukwane zai jawo bincike. Tuge shuka kuma ai kowa zai gani. Sai karatun nata ya ba ta shawara: wake ba ya jure gishiri. Ta sayi ƙulli ɗaya a shagon bakin ɗakin kwanansu, ta narka a gorar ruwan shanta. Da tsakar rana, lokacin da zafin gilashi ke korar kowa zuwa cin abinci, sai ta tsaya kamar tana ƙarasa awo. Ɗaki na yin tsit ta bi teburin bakin ƙofa tukunya-tukunya tana tsiyayawa kaɗan-kaɗan, tana cewa a ranta, "A bushe ko a jiƙe? To ga jiƙa nan, sha ka ƙoshi."

Ba a jima ba gefen ganyen ya fara ƙonewa. Tabarau ya rikice. Ya duba ƙarƙashin ganye ko ƙwari ne, ya kira mai kula da ɗakin suka duba tare, suka rage rana da labule. Ya ɗebo ruwa ya yi ta kwarara wa tukwanen don ya wanke ƙasar. Waken ya ɗan farfaɗo, Riƙau ta ƙara masa wani. Tana daga teburinta tana satar kallonsa, ga gumi ya jiƙa masa riga, ga tabarau na zamewa, sai ta ji wani sanyi har cikin ƙashinta. Abinci ma ya fi yi mata daɗi a kwanakin nan.

Teburinta kuwa, masha Allah! Ganye kore shar, fure ya fito, 'ya'ya suka fara sauka. Ta riƙa lallaɓa su kamar jarirai, tana goge musu ƙura, tana ɗaure su a jikin sanda. Ranar da teburin bakin ƙofa ya bushe ƙurmus, ta wuce ta gaban Tabarau ta yi masa magana karo na farko.

"Sannu da aiki, Malam mai tambaya. Yaya gonar?"

Ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Wallahi na yi iyakar ƙoƙarina." Ta fita tana danne dariya.

Farfesa ya dawo dab da ƙarshen hutu. Ya sa aka gwada ƙasar matattun tukwanen, sannan ya tara kowa a ɗakin shuka.

"Kamar yadda na faɗa muku kafin in tafi," in ji shi, "mai bincike yana son aikinsa ya yi kyau, kuma son nan yakan ja hannunsa wajen awo ba tare da ya sani ba. Shi ya sa na sa aka sauya tukwanen, kowa ya reni na wani, ya auna na wani, bai san mai su ba. Yau za a buɗe. Kowa ya ɗaga tukunya ɗaya mu ga fentin."

Riƙau ta juya ga teburinta. Da ƙyar ta ciccibi tukunyar gabanta ta leƙa. Shuɗi. Kalar Tabarau ke nan. Ta waiga bakin ƙofa. Yana riƙe da tukunya mai busasshen kara, ya karkata ta kowa ya gani. Rawaya ce, da shatin yatsanta a jiki.

"Inna lillahi!" in ji abokiyar ɗakinta. "Naki ne!"

Tabarau ya ajiye tukunyar ya matso. "'Yar'uwa, ki yafe mini. A hannuna suka mutu. Ban san naki ba ne, amma ko na wane ne, ban yi wasa da su ba."

"Ba laifinka ba ne," in ji Farfesa, fuskarsa a murtuke. "Gishiri aka zuba musu, kuma ba sau ɗaya ba. Akwai mugu a cikinmu ko a kusa da mu. Ban san shi ba, amma Allah ya san shi."

Ya kira ta ofis daga baya, ya ba ta kujera, ya yi mata magana kamar uba. Ya ce takin da ta haɗa shi ne wanda ya fi sa wa rai tun farko, don a makonnin farko nata ne ke gaba da na kowa. Amma masu ba da tallafin sakamako suke dubawa, ita kuwa ba ta da ko ƙwayar wake ɗaya da za ta nuna, kuma babu lokacin sake shuka.

"Ranka ya daɗe, baɗi fa?" ta tambaya da ƙaramar murya.

"Shirin na waɗanda ba su gama ba ne, 'yata. Baɗi kin fita."

Ranar rufe shirin Tabarau ya tsaya gaban baƙi ya nuna sakamako mai kyau. Ya gode wa Riƙau a bainar jama'a, ya ce ita ta reni wakensa, kuma bai taɓa ganin awo mai tsafta irin nata ba. Aka tafa mata. Aka ba shi gurbin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne jaje. Duk inda ta bi sai an tare ta, "Sannu, an cuce ki." Ba ta da bakin musu, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Haka ta haɗa kayanta ta koma gida.

Ta tarar labari ya riga ta isa. Yayanta yana safa da marwa a tsakar gida yana rantsuwa cewa da zai san wanda ya yi, sai ya kwana a asibiti. Mahaifiyarta ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta share mata hawaye da gefen mayafi, ita ma tana kuka.

"Marainiyar Allah, me kika tare wa wani? Ki bar su, ni na san inda zan kai ƙara." Ta ɗaga hannuwa sama. "Wanda ya zuba gishirin nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Yadda ya ƙona mini zuciya, Allah ka ƙona tasa. Kada ka nuna masa abin da yake nema."

"Amin!" in ji yayanta da ƙannenta baki ɗaya.

Riƙau ta sunkuyar da kai.

"Umma, don Allah ki bari. Ki yafe masa."

"In yafe? Ke yau kike cewa a yafe? Ban yafe ba, duniya da lahira!" Ta dafa kafaɗarta ta girgiza. "Ke aka zalunta. Buɗe baki ki ce amin mana."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, riƙo yana toshe kunne kafin ya lalata hannu. Da Riƙau ta karɓi gyara a matsayin gyara, da ta je zaman da ta ƙaurace wa. Da ta saurari abokiyar ɗakinta ko na minti ɗaya, da ta ji abin da zai cece ta. Wanda ya nuna maka kuskurenka a wurin koyo ba maƙiyinka ba ne, taimakonka ya yi. Ɗalibin da ke son ya yi nisa a karatu ya koyi haɗiye fushi kamar yadda yake koyon awo da lissafi, domin sharrin da ka shirya wa wani ba ka da tabbacin a kan wa zai sauka, kuma idan ya sauka a kanka, ko kukan kirki ba za ka samu yi ba.