Kalar Gonar Dunoma

Dunoma manomin shinkafa ne a Dagona. Ƙwazo dai ba a magana, amma don rowa ko kaza ba ta samun tsaba a ƙofar gidansa.

Al'adar garin, in an gama girbi sai tsofaffin mata su shiga kala, su tsince abin da ya zube. A kwarin gonarsa akwai tsohuwar shinkafar kakansa, mai bin ruwa, in ya ƙaru ta ƙara tsawo. Ita matan ke tsincewa, su ci rabi, su ajiye iri, da damina su watsa shi a inda suka samo.

Da Dunoma ya koma sabon iri na Gashua, gajere mai yawan buhu, sai ya ga kala asara ce. Wata rana da hantsi ya iske matan a duƙe, ya kore su, ya cinna wa karan wuta.

Wata tsohuwa, Maiturare, ta tsaya a bakin hayaƙin ta ce, "Ɗan nan, ba mu kaɗai ka kora ba."

"Iya, gonata ce," in ji shi.

Daga ranar gonar ta yi tsit, ba kwaɗo, ba tsuntsu. Da tsakar rana yakan ji motsin yatsu cikin toka kamar ana tsince ƙwaya, ya waiga babu kowa. Tsoro ya kama shi, amma girman kai ya hana shi faɗa. Da shekara ta zagayo ya sake ƙone karan.

A damina ta uku kogi ya cika ya haɗiye gajeriyar shinkafar duka. Dattawa suka ce ruwan ya samu hanya, daga yanzu sai irin kakansa ne zai yi a wurin. Ya tafi gidan Maiturare, ya durƙusa ya roƙi tsohon irin, ko tafin hannu ɗaya.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tukunyar iri, ta kife ta a gabansa. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba.

"Shekara biyu ba kala," ta ce a hankali. "Yunwa ta sa muka dafa shi."

Jama'a, abincin gari ba a rumbun mutum ɗaya yake zaune ba. Wanda ya hana mai ƙaramin ƙarfi rabonsa a gona, irin gobensa ya ƙone da hannunsa.